Ƙaramar rediyo mai memori don sauraron Littafi Mai Tsarki: abin dubawa kafin a biya

Ƙananan rediyoyin nan masu ramin memori da lambobi a gaba sun cika shagunan kayan waya a Babbar Kasuwar Katsina. Kiristoci da yawa suna saya wa iyayensu da yanar ido ta hana karatu, ko waɗanda ba su yi boko ba, musamman a ƙauyukan Malumfashi da Kafur. Kaya ne mai amfani, kuma kuɗinsa bai kai na waya ba. Sai dai mafi yawan ƙorafin da ake yi a kansa, ba laifin rediyon ba ne, laifin memorin ne da yadda aka tura masa karatun.

Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 yana da surori 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. Idan kowace sura tana fayil ɗinta, an kuma jera su daidai daga Farawa, to danna 501 zai kai mutum Zabura 23, 1054 Romawa 8, 1144 kuma Ibraniyawa 11. Wannan shi ne gwajin da ya kamata a yi a gaban mai shago. Ka danna 1144. In ka ji ana bayanin bangaskiya, cewa ita ce tabbacin abin da ake sa zuciya a kai ko da ido bai gan shi ba, sannan aka shiga labarin Nuhu da ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai sauko ba, da Ibrahim da ya bar ƙasarsa bai san inda za shi ba, to jerin yana nan lafiya. In kuwa wata sura ta fito, kada ka karɓa.

Dalilin rikicewar shi ne yawancin waɗannan rediyoyi ba sa bin sunan fayil, suna bin wanda ya riga shiga memorin ne. Masu turi kan kwashe komai a lokaci guda, kwamfuta ta zuba yadda ta ga dama. Maganinsa a goge memorin a kwamfuta, a sake shirya shi a tsarin ajiyar fayiloli da ake kira FAT32, a sa wa fayilolin lamba daga 0001, a tura littafi bayan littafi. Kada a bari a haɗa da waƙoƙin zumuntar mata a memori ɗaya, don waƙa guda in ta shiga gaba, duk lissafin ya goce. A saya musu nasu daban.

Memori mai 8GB ya isa har da saura. Na jabu shi ne babbar matsala: a jikinsa an rubuta 32GB, cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai karɓi fayiloli kamar ba komai, amma na ƙarshen su lalace, shi ya sa za a ji Farawa da Zabura garau, wasiƙun manzanni kuwa shiru. Don haka a danna 1189 ma, a ji surar ƙarshe ta Wahayi.

'Yan Katolika, waɗanda suka samu dayosis tasu (yankin da ke ƙarƙashin bishop) a Katsina a 2023, su lura cewa yawancin abin da ake turawa na littattafai 66 ne, nasu kuwa 73 ne, kuma in an samu cikakken, lambobin da ke sama za su canja.

Batir iri biyu ne. Akwai falalen nan BL-5C irin na tsohuwar Nokia, yana da sauƙin samu amma ba ya jimawa in an ƙure murya. Akwai kuma zagayayyen 18650, wanda ya fi riƙe caji nesa ba kusa ba, shi ya dace da inda wuta ba ta zama. Ɗan gilashin sola da ke bayan wasu kusan ado ne. Mutane kan shanya rediyon a rana don ya yi caji, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, batir ya kumbura, murfi ya ƙi rufuwa. Gara a kai wurin masu caji. Lokacin hunturu ƙura kan cika ramin memori, rediyon ya riƙa komawa FM da kansa. A cire, a hure, a goge bakin memorin da busasshen ƙyalle, sannan a liƙe ramin da ɗan salatif.

Murya tana fita sosai a ɗaki ko a zaure, mutum goma za su ji ba wahala, amma ba ta isa majami'a ba. Abin da ya fi ba da haushi shi ne wasu rediyoyin ba sa tuna inda aka tsaya. Tsohuwar da ke jinya, tana so a maimaita mata wurin da Bulus ya ce begen da ake gani ba bege ba ne, ba za ta iya fara neman lambar 1054 ta Romawa 8 kullum ba. A gwada: a kunna sura, a kashe a tsakiya, a sake kunnawa. Wanda ya ci gaba daga inda ya tsaya shi ne na saye, ko da ya ɗara sauran kuɗi. A kuma rubuta lambobin surorin da aka fi so da manyan baƙaƙe a liƙa a bayansa, don jikan da za a riƙa cewa ya danno.