Kejin waya na kare: ya dace da tafiyar Kajuru?

Ga mai fita shan iska da karnuka daga Kaduna zuwa duwatsun Kajuru ta hanyar Kachia, kejin waya mai naɗewa ya fi na roba. Iska na ratsa shi ta ko'ina, kuma keji biyu na shiga bayan motar Sienna in an kwantar da kujeru. Aibinsa sakata: gargadar hanya kan girgiza ta har ta zame, sai an ƙara ɗaure ƙofar da igiya. Farantin ƙasan ma santsi gare shi, a shimfiɗa buhu.

Kada kare ya ci abinci awa 3 kafin tashi, in ba haka ba yana iya yin amai. A riƙe ruwa lita 2 don kowane kare. Da damina kuwa, a duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska.