Yawon kwale-kwale a kogin Binuwai na Garwa

A ƙarƙashin babbar gadar Garwa, a arewacin Kamaru, akwai masu kwale-kwale da ke ɗaukar baƙi su zaga da su cikin Binuwai, kuma a ganina duk mai son sanin yadda garin nan ya bunƙasa, nan ya kamata ya fara zuwa. Babu kayyadajjen farashi, ciniki ake yi da sefa kafin a shiga, saboda haka a daidaita tun a gaɓa.

Dattijon da ya tuƙa mu ya san ruwan sosai. Ya bi da mu ta gefen masu ɗibar yashi, waɗanda ke nutsewa da bokiti su fito su juye a cikin jirgi, sannan ya tsaya nesa da inda dorinai ke kwance, kunnuwansu kaɗai ake gani. Da wani saurayi ya ce, "Baba, a ɗan matsa kusa mana," sai ya ƙi, ya ce dorina mai ɗa ba a yi mata wasa. Na yaba masa ƙwarai a kan wannan.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tsohuwar tashar jiragen ruwa. A da, idan damina ta yi nisa ruwa ya cika, jirage kan taso daga Najeriya ta Lakwaja da Makurɗi da Yola, su sauke gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa. Wannan hanyar ce ta sa Jamusawa suka kafa sansani a Garwa, har sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace shi a watan Yunin 1915. Yau kuwa yashi ya cike mashigar, ga kuma madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982, wadda ta ba arewacin Kamaru wutar lantarki amma ta canza tafiyar kogin. Garin da aka haifi shugaban Kamaru na farko, Ahmadu Ahijo, a cikinsa a 1924 bai cancanci a bar wannan wuri babu ko allon da zai gaya wa yara abin da aka yi a nan ba.

Aibun tafiyar guda biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Ba a ba ko ɗayanmu rigar kariya daga nutsewa ba, alhali akwai mata da yara a cikin jirgin, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san ƙarfin wannan ruwa. Sannan gaɓar da ake hawa cike take da ledoji da kwalabe, sai mutum ya tattare riga kafin ya taka.

Duk da haka ina ba da shawarar a je, musamman da sassafe a lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, kafin zafin Maris ya sauko. Mai zuwa da yara ya nemi rigar kariya tukuna, idan babu ya haƙura ya kalli kogin daga kan gada.