An haskaka mini haƙora, kuma ban bar shan gahawa ba

Duk mai shan gahawa da ke tunanin zuwa a haskaka masa haƙora, abin da ke ransa ɗaya ne: shin sai ya rabu da ita? Ni an yi mini aikin a wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Kaduna, kuma har yau ina sha, domin aikin dare nake yi. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma akwai abin da na so a ce an faɗa mini tun kafin na biya.

Sun fara da kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora. Sannan likitar ta kara jerin haƙoran gwaji a bakina don a san launin da aka fara da shi, ta rufe dasashi da wani abin kariya, ta shafa maganin. Sinadarin hydrogen peroxide ne. Na asibiti yakan kai kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari, shi ya sa ake kare dasashi, don yana ƙona nama. Yana ratsa ɓawon haƙori ya wargaza launin da ya shige ciki. Hannunta da sauƙi, kuma ba ta yi gaggawa ba.

Da za ta sallame ni ta ce, "Hajiya, ki ba ni awa 48: ba gahawa, ba shayi, ba zoɓo, ba goro, miyar manja ma ki ɗaga mata ƙafa." Dalilin da ta bayar ya shiga kaina. Maganin yana busar da haƙori, yana kuma cire siririyar shimfiɗar da yawu ke yi masa, don haka a wannan tsakanin ya fi saurin kama launi. Gahawa kuwa, kamar shayi da goro, tana da sinadarin tannin mai liƙewa a jikin haƙori, ga ɗan tsami.

Kiyaye dokar bai yi mini wuya kamar yadda na zata ba, saboda haƙoran da kansu ba sa son komai. A daren farko sun mutu kamar na wanda ya tsotsi tsamiya, iska ma in ta shiga baki sai na ji tsir har ƙwaƙwalwa. Man goge baki na Sensodyne ya taimaka, abin ya lafa da kansa. Ciwon kai na rashin gahawa shi ya fi damuna, kuma duk wanda ya saba da ita kullum ya sa ran haka. Gara a tsara aikin ya faɗo ranar hutu.

Da na koma sha, salon na canza. A da nakan ajiye kofi ɗaya a gefe ina kurɓa har ya huce, wato haƙora suna jiƙe da ita tsawon dare. Yanzu a zama ɗaya nake shanyewa, in kuskure baki da ruwa nan take. Buroshi ko asuwaki sai bayan kamar minti 30, don goge haƙori da tsami a kansa yana cinye ɓawon. Watanni sun shuɗe, hasken yana nan, ko da yake bai kai na ranar farko ba. Wancan farin na ranar farko har da na bushewa a ciki, yana ɗan ja baya idan haƙori ya sake shan ruwa. Kada wanda ya ga haka ya ɗora wa gahawa laifi.

Inda na ga gazawarsu shi ne maganar ciko. Ina da ciko a haƙorin gaba, kuma maganin ba ya canza launin ciko ko haƙorin roba. Sai da aka gama na ga wurin ya fita daban, ya fi sauran duhu. A lokacin ne aka ce mini sai an sake shi, da kuɗinsa daban, kuma sai an jira kamar mako 2 launin ya zauna. Likitar ta ga cikon tun a duban farko, ya kamata ta faɗa a lokacin. Mai ciko a gaba ya tambayi kuɗin sake shi a haɗa masa lissafi gaba ɗaya kafin a shafa masa komai.