Ren Meguro a fim ɗin My Happy Marriage: shirunsa ya fi maganarsa

Idan aka ce mawaƙin matasa ne jarumin fim, ni dai jikina sanyi yake yi. Sau da yawa fuskarsa ake saya, domin an san masoyansa za su cika sinima ko da tsayawa kawai zai yi yana kallon bango. A Japan wannan tsohuwar sana'a ce: kamfani ya raini yaro da waƙa da rawa, in ya yi suna a tura shi talabijin da fim. Ren Meguro ɗan wannan gida ne. Yana cikin samari tara na ƙungiyar Snow Man, kuma Watashi no Shiawase na Kekkon, wanda aka fi sani a waje da My Happy Marriage, shi ne fim na farko da aka ɗora masa a matsayin babban jarumi shi kaɗai. Ya fito a watan Maris na 2023, Ayuko Tsukahara ce ta ba da umarni, an kuma ɗauko shi daga littafin Akumi Agitogi, wanda ya fara a intanet kafin a buga shi a 2019.

Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. Miyo Saimori, wadda Mio Imada ta fito a matsayinta, marainiya ce ta wajen uwa. An haife ta a gidan da ake gadon baiwa ta ɓoye, ita kuma ba a ga alamar komai tare da ita ba, sai matar uba da 'yarta Kaya suka mayar da ita 'yar aikin gida, uban yana kallo. Don a rabu da ƙaya, aka tura ta gidan Kiyoka Kudo don ya aure ta, kwamandan soja da ake cewa duk wadda aka kai masa ba ta cika kwana uku take guduwa. Zamanin ya yi kama da Japan ta farkon ƙarni na 20, kimono da kakin soja a titi ɗaya.

Meguro ne Kiyoka. Dogo ne, an sa masa dogon gashi fari, kuma a mintunan farko gashin nan ya dame ni, don a fili yake cewa ɗora shi aka yi. Amma da labari ya shiga cikin gida sai na manta da shi. Akwai safiyar da Miyo ta tashi da asuba ta dafa masa abinci, shi kuwa ya zarge ta da sa guba ya tashi ya bar tiren. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da ya gane ya zalunce ta. Bai yi dogon jawabi ba. Kafaɗarsa ce ta ɗan sauka, idonsa ya kasa tsayawa a kanta, ya buɗe baki kamar zai yi magana ya fasa. Mutum ne da bai saba ba da haƙuri ba, kuma kana ganin yadda abin yake masa nauyi. Haka lokacin da idonsa ya kai kan hannayenta da aiki ya farfasa, da lokacin da ya ba ta matajin kai. A irin waɗannan wurare yaron ya san abin da yake yi. Ina ganin rawa ce ta koya masa: ya san yadda zai zauna, yadda zai juya wuya, da lokacin da zai tsaya cik. Wanda ya kalli shirin Silent na 2022, inda ya fito a saurayin da ya kurmance, ya san ya daɗe yana magana da jiki.

Inda ya gaza shi ne murya. Idan zance ya yi tsawo sai ka ji kamar layi ɗaya yake bi, ba hawa ba sauka. Ni ba na jin Japananci, rubutun ƙasan allo nake karantawa, amma kunne yana rabe muryar da ke fitowa daga ciki da wadda aka haddace. A gaban sojojinsa kuwa, idan ya daka tsawa, ban ji tsoronsa ba ko kaɗan. Sa'arsa ɗaya, Kiyoka dama miskili ne mai rowar magana, sai taurin nan ya zama kamar halin wanda yake wakilta.

Gaskiya Mio Imada ce ta riƙe fim ɗin. An san ta da fara'a da manyan idanu, amma a nan ta rame, ta dusashe, tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba har sai ranka ya ɓaci. Wurin da Kaya da uwarta suka kulle ta a rumbun ajiya suna azabtar da ita don ta janye daga auren, ita kuma a karo na farko a rayuwarta ta ce a'a, ya fi duk wani faɗan takobi da ke fim ɗin ƙarfi. Meguro ya fi kyau duk lokacin da yake tare da ita, domin yana sauraronta da gaske, ba jiran layinsa kawai yake ba.

Kashi na biyu ne ya gajiyar da ni. An bar gidan, an koma makircin fada, ruhohin da suka kuɓuce daga kabari suna shiga jikin sojoji, da sirrin dangin uwar Miyo, wato Usuba. An cusa abubuwa da yawa cikin ƙasa da awa biyu, wanda bai karanta littafin ba zai yi ta lalube. Faɗan ya ƙayatar, Meguro yana juya takobi da sauri da tsafta, sai dai a nan ne kyamara ta fara lallaɓa shi tana haska fuskarsa don masoya. Waƙar rufewa ma, Tapestry, ta Snow Man ce, don kada ka manta da wanda ka zo gani.

Zan ba shi bakwai cikin goma, mafi yawansu saboda awar farko. Babu fitsara a cikinsa, amma dukan da ake yi wa Miyo da faɗan ƙarshe sun yi wa ƙananan yara nauyi.