Ofishin da ya shirya wa ƙanwata takardun bizar aure ta Birtaniya

Ofisoshin tafiye-tafiye sun cika Sakkwato, amma yawancinsu Umra da tikitin jirgi suka sani. Wannan ƙaramin ofishi ne a saman bene, wani malami mai furfura da yaransa masu aikin kwamfuta. Ƙanwata ce ta kai mu, za ta auri ɗan kawunmu haifaffen Landan, mai fasfon Birtaniya.

Abin da ya fara burge ni, bai yi maganar kuɗinsa ba sai da ya tambaya ko an ɗaura aure. Muka ce saura wata biyu. Ya ce to hanya uku ce. Akwai bizar baƙunci ta ɗaurin aure, wata shida, a ɗaura a can amarya ta dawo gida, ba a juya ta zuwa ta zama. Akwai ta wadda aka yi wa baiko, ita ma wata shida, ba a aiki da ita, kuma bayan aure sai an sake biyan wani kuɗin. Sai ta matar aure, wadda ake nema daga nan, wata 33, kuma tana da damar yin aiki. "Alhaji, ku ɗaura a nan gida ku nemi ta ukun, kada ku biya sau biyu." Haka muka yi.

Inda ya ci kuɗinsa shi ne maganar albashin ango. Tun Afrilun 2024 sai mai ɗaukar nauyi yana samun fam 29,000 a shekara, a da 18,600 ne. In ba albashi, sai ajiyar fam 88,500 da ta yi wata shida a banki. Kawu ya kawo shawarar 'yan uwa su tara kuɗi a zuba na ɗan lokaci a cire, malamin ya girgiza kai ya ce ba da shi ba. Na zauna ina kallonsa ya baje takardun albashi na wata shida a tebur, kowace ya ɗora ta kusa da takardar banki, yana bin adadin da jan biro. Wata guda ya ga bambancin 'yan fam-fam, ya sa ango ya karɓo wasiƙar bayani daga wurin aikinsa.

Wani abin da mu ba za mu taɓa tunawa ba: a wurinmu amarya ba ta zuwa ɗaurin aure, waliyyi da wakili ne a masallaci. Su kuwa Turawan sai sun gamsu ma'auratan sun haɗu ido da ido. Hotunan da muka kai duk manyan riguna ne da rawuna, babu amarya ko ɗaya. Ya sa aka nemo na su biyun tare, da shafin fasfon ango mai hatimin shigowa Najeriya, aka kuma fassara takardar auren zuwa Turanci da sa hannun mai fassara.

Ƙanwata ta ɗauka sakamakon WAEC ya ishe ta shaidar Turanci. Bai isa ba. Ta zauna jarrabawar magana da saurare ta matakin A1, wato matakin farko na Turanci, wadda ba ta ba ta wahala ba.

Aibinsu kuwa a fili yake. Waya ba sa ɗauka sai an yi ta kira, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya cak. Kuma ba su faɗa mana jimillar kuɗi tun farko ba. Kuɗin bizar kansa a lokacin ya kusa fam 2,000, sai daga baya muka ji na lafiya, wato kuɗin amfani da asibitocin gwamnatin can, fam 1,035 a shekara, kuma na shekara uku ake biya lokaci guda. Ranar sai da Hajiya ta yi salati. Gwajin tarin fuka da ɗaukar hoton yatsu duk a Abuja muka yi, ba su da kowa a can da zai tarbe ka, masauki da mota duk a kanka. Takardar gwajin wata shida take yi, don haka kada a yi gaggawar yin sa kafin takardun ango su haɗu.

Biza ta fito cikin mako 12 da ake cewa a jira. Wanda angonsa ke aikin albashi, zan tura shi wurinsu ba fargaba. Mai sana'ar kansa kuwa, malamin da bakinsa ya ce gara a nemi lauya a Birtaniya, don lissafin harajin can ya fi ƙarfin ofishinsa.