Bas, Keke da Motar Haya a Malta: Abin da Na Gani Cikin Kwana Goma

Kafin mu tafi hutu Malta, ƙasar tsibirai da ke tekun Bahar Rum, ni da maiɗakina da ɗanmu, na duba taswira na ga babban tsibirin bai wuce kilomita 27 a tsawo ba, faɗinsa kuma kimanin kilomita 14 ne. Wannan ƙanƙanta ita ta sa na ɗauka cewa da zarar na karɓi motar haya, babu lungun da zai gagare mu cikin rabin sa'a. A kwana goman da muka yi, mun hau bas na tsawon mako guda, mun yi hayar keke na yini ɗaya a tsibirin Gozo, sannan muka riƙe motar haya kwana biyu. Ra'ayina bayan wannan duka shi ne bas ya wadatar da mafi yawan bukatun baƙo, keke ya dace da Gozo kawai, motar haya kuwa ita ce ta fi cin hankalina kuma ita ce ta fi ƙarancin amfani gare mu.

Malta ba ta da jirgin ƙasa. Layin dogo guda ɗaya da ta taɓa mallaka, wanda ya haɗa Valletta, babban birnin ƙasar, da yankin Mdina, an rufe shi tun 1931, don haka bas ne gatan duk wanda ba shi da mota. Mun sayi katin kwana bakwai wanda ake hawa da shi ba adadi, kuma ina ganin shi ne sayayya mafi albarka da muka yi a tafiyar. Wanda bai sayi kati ba zai iya biya wurin direba, tikitin kuma yana aiki har tsawon sa'a biyu, ko da mutum ya sauya bas a tsakani. Ana shiga ta ƙofar gaba, a ɗora katin a kan na'urar da ke kusa da direba, babu kwandasta kuma babu ciniki. Motocin da muka hau duka suna da na'urar sanyaya iska, ƙasansu kuma a sauke yake yadda tsoho ko mai keken jariri zai shiga ba tare da wahala ba.

Abin da ya kamata baƙo ya fahimta tun ranar farko shi ne yadda aka tsara hanyoyin. Galibin layukan suna tashi ne daga babbar tashar da ke bakin ƙofar birnin Valletta, su bazu zuwa sassan tsibirin kamar wayoyin ƙafar keke. Idan masaukinka yana Valletta ko kusa da ita, wannan tsari alheri ne: bas mai lamba 51, 52 ko 53 zai kai ka Rabat da tsohon birnin Mdina, mai lamba 41 ko 42 kuma zai kai ka har Cirkewwa inda ake hawa jirgin fito zuwa Gozo. Idan kuwa kana son tashi daga wani garin bakin teku zuwa wani, sau da yawa sai ka dawo tsakiya ka sake hawa, tafiyar da ke kama da taku kaɗan a taswira ta cinye maka sa'a ɗaya da rabi. Daga rana ta uku na daina auna nisa da kilomita, na koma auna shi da yawan sauyin bas.

Matsalar da ta fi damun mu ita ce cika. Wata safiya muka tsaya a wata ƙaramar tasha a kan hanyar arewa, bas biyu suka wuce mu a jere ba su tsaya ba, direban na biyun ya ɗaga hannu yana nuna mana cewa babu wuri. Mun yi kusan minti arba'in a rana, yaro ya gaji ya zauna a kan jakarmu. Wata dattijuwa da ke jira tare da mu ita ta ba mu shawarar da ta gyara mana sauran kwanakin, cewa mu riƙa hawa daga tashar da bas ke farawa, mu kuma fita da sassafe kafin masu zuwa bakin teku su fito. Tun watan Oktoba na 2022 mazauna ƙasar masu kati na musamman suke hawa kyauta, saboda haka baƙo yana raba kujerun ne da ma'aikata da ɗalibai, musamman da safe da kuma lokacin tashi daga aiki. Dole ne kuma mutum ya miƙa hannu idan ya hango bas ɗinsa, ya danna ƙararrawa kafin tashar da zai sauka, domin direba ba ya tsayawa haka kawai. Manhajar waya da ke nuna inda bas yake ta fi jadawalin da aka manna a tasha gaskiya, tunda cunkoso ne ke yanke lokacin isowa.

Duk da haka ban yi nadamar makon bas ɗin ba. Ina zaune a gefen taga ina karanta allunan tituna, sai na lura cewa kalmar da suke kiran titi da ita, Triq, 'yar'uwar ɗariƙ ce ta Larabci, kamar yadda sunan Mdina ya fito daga madina. Harshen Malta daga Larabci ya samo asali ko da yake da haruffan boko ake rubuta shi. Da ina riƙe da sitiyari, idona yana kan motar gaba, da ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Jirgin fito daga Cirkewwa zuwa tashar Mgarr ta Gozo yana ɗaukar kimanin minti 25, kuma ba a biya a tafiya sai a dawowa. Daga bakin ruwa bas mai lamba 301 ya kai mu Victoria, babban garin tsibirin, a can muka yi hayar kekuna.

Gozo ƙaramin wuri ne, kimanin kilomita 14 a tsawo da 7 a faɗi, motoci ba su da yawa kamar na babban tsibirin, amma ƙasar tudu da gangara ce. Mai shagon ya dube mu ya ce mu ɗauki keke mai batir, na so in yi gardama saboda na saba da keke tun ina yaro, daga baya na gode masa. Ya daidaita wa kowa sirdi, ya gwada birki a gabanmu, ya ba mu hular kwano da makulli, sannan ya nuna mana yadda ake rage ƙarfin injin a shimfiɗaɗɗiyar hanya domin batir ya kai yamma. Daga Victoria muka gangara zuwa Marsalforn, muka bi bakin teku zuwa Xwejni, inda aka sassaƙa ɗaruruwan ƙananan ramuka a jikin dutse domin ruwan teku ya bushe ya bar gishiri. Mun jingine kekunan a jikin katanga muka tsaya muna kallo iya son ranmu, babu neman wurin ajiye mota, babu duba agogo don gudun kada bas ya wuce. A wannan sa'ar na ji cewa lallai hutu muke yi. Da rana muka nufi Dwejra a yammacin tsibirin, inda shahararren dutsen nan mai siffar ƙatuwar taga, wanda ake kira Azure Window, ya rushe cikin teku a watan Maris na 2017. Gangarar zuwa can doguwa ce mai tsauri, sai da na riƙa matsa birki a hankali ina saki domin kada ya yi zafi, hawowa kuwa ko da taimakon batir sai da gumi ya jiƙa mana riguna. Ba zan ba kowa shawarar yin wannan hanya da keke mara batir tare da yaro ba. Haka nan ba zan hau keke a manyan titunan babban tsibirin ba, domin hanyoyin da aka ware wa kekuna kaɗan ne, wasu kuma suna ƙarewa ba zato a bakin shataletale.

Motar haya muka bari zuwa kwana biyun ƙarshe, da nufin zuwa wuraren da bas ba ya yawan zuwa. Wahalar ta fara tun daga kanta. Kuɗin da na gani a intanet lokacin da nake yin rajista ba shi ne ƙarshen magana ba, domin ma'aikacin ya bayyana mini cewa inshorar da ke cikin farashin tana da wani kaso da zan biya daga aljihuna idan motar ta samu lahani, kuma za su riƙe adadin wannan kaso a katin bankina har sai na dawo da ita. Ya yi ta matsa mini in sayi ƙarin inshora, yana maimaita cewa taya da gilashi da mudubi ba sa cikin ta farko. Ban ga laifin sayar da inshora ba, amma na ga rashin kyautawa a ce sai mutum ya iso da iyalinsa da kayansa sannan a warware masa sharuɗɗan da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe tun farko. Na ƙi ƙarin, na zagaya motar da waya ina ɗaukar hoton kowane gefe, har da ƙasan bamba da ƙafafun, na kuma sa aka rubuta kowace ƙujewa a takarda kafin na sa hannu.

A Malta ana tuƙi ne a hannun hagu, gadon mulkin Birtaniya da ya ƙare a 1964, sitiyari yana dama, giya kuma da hannun hagu ake sauya ta. Wanda bai saba ba ya nemi mota mai giyar otomatik tun da wuri, saboda masu giyar hannu sun fi yawa. Iyakar gudu kilomita 50 ce a cikin gari, 80 a waje, amma da wuya mutum ya samu sararin da zai kai hakan. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi yawan motoci a Turai idan aka kwatanta da girmanta, shataletale kuma kusan a kowace mahaɗa, inda mai shiga yake jiran wanda ke tahowa daga dama. Sa'ar farko na yi ta ne jikina a ɗaure, ina faɗa wa kaina hagu a kowace kwana.

Inda motar ta biya bukata shi ne yammacin tsibirin. Mun isa tsaunukan Dingli, waɗanda suka kai kimanin mita 250 sama da teku, daf da faɗuwar rana, muka tsaya har duhu ya fara ba tare da tunanin bas na ƙarshe ba. Amma hanyoyin karkarar da ke kai wa can ƙunci gare su, katangar duwatsu da aka jera ba siminti tana kowane gefe. A wani wuri muka yi kiciɓis da motar ɗaukar kaya, sai da na ja da baya kusan mita hamsin ina naɗe da mudubi, maiɗakina ta leƙa ta taga tana cewa, "Maigida, a hankali, saura ɗan yatsa ka taɓa dutse." Na fita lafiya, sai dai hannuna bai daina rawa ba sai da muka hau babban titi.

A cikin garuruwa kuwa motar ta zama kaya. Mdina ba a shiga da mota sai mazauna da masu izini. Valletta tana da na'urori a mashigarta da ke karanta lambar mota, ana cajin mai ita gwargwadon lokacin da ya yi a ciki a ranakun aiki. Wuraren ajiye mota an shata su da launi, fari na kowa ne, rawaya haramun ne, wasu launukan kuma na mazauna unguwa ne. A garin Sliema mun yi fiye da rabin sa'a muna zagaye kafin mu samu farin gurbi, alhali ƙaramin jirgin fito da ke tsakanin Sliema da Valletta yana tsallakar da mutum cikin 'yan mintuna.

Ranar mayar da mota na cika tanki kamar yadda na karɓa, na ajiye rasit. Ma'aikacin da ya duba ta ya durƙusa ya nuna mini wata ƙujewa a ƙasan bambar baya, ya ce babu ita a takarda. Na buɗe wayata na nuna masa hoton da na ɗauka a harabarsu, da kwanan wata da lokaci a jikinsa, ƙujewar tana nan a inda take. Ya duba, ya ba da haƙuri, ya sa hannu cewa motar ta dawo lafiya. Kuɗin da aka riƙe a katina bai dawo ba sai bayan kusan mako biyu da komawarmu gida, kuma sai da na aika musu saƙo sau biyu.

Idan Allah ya sake kai mu, zan nemi masauki kusa da tashar Valletta, in sayi katin mako tun daga filin jirgi, in ƙara wa Gozo kwana biyu a kan keke mai batir. Mota kuwa zan ɗauka na yini ɗaya tak, ƙarama mai giyar otomatik, domin Dingli da gaɓar yamma, kuma zan nemi a turo mini cikakkun sharuɗɗan inshora a rubuce kafin in biya ko sisi.