Littattafan tambayoyin wauta: wanne ya cancanci kuɗinka?

Akwai wani rukunin littattafai da jigonsu ɗaya ne, wato tambayar da mutum ke jin nauyin yi a bainar jama'a don kada a ce masa wawa. Ana samun su a kantar barkwanci, ana samun su a kantar addini, masu rubutu kan kasuwanci kuwa sun cika kasuwa da nasu. Dukansu sun yarda cewa matambayi ba ya ɓata, sai dai kaɗan ne daga cikinsu ke kama hannun matambayin su kai shi inda za shi. Da abu biyu nake auna su. Shin marubucin ya amsa tambayar da gaske, ko kuwa kirari kawai ya yi wa tambaya ya wuce? Kuma shin ya nuna inda ya samo abin da ya faɗa? Na biyun nan ya fi damuna, zan kuma faɗi dalili a gaba.

Zan fara da wanda na fi so, ba zan ɓoye ba: What If? na Randall Munroe, wanda ya fito a 2014. Munroe ya karanci kimiyyar fiziks, ya yi aikin ƙera na'urorin mutum-mutumi a hukumar NASA ta Amurka, daga baya ya bari ya koma zanen barkwanci. Mutane ne ke aiko masa da tambayoyin da ba su da kai ba su da gindi, shi kuma ya zauna ya yi musu lissafi kamar an ba shi aikin gina gada. Me zai faru idan duniya ta tsaya cak da juyawa amma iska ta ci gaba da tafiyarta? Amsar ta fara ne daga gudun da doron ƙasa ke yi a kan layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, kusan kilomita 1,670 a awa ɗaya, daga nan ya bi guguwar da za ta taso, ya nuna wane gini zai tsira da wanda ba zai tsira ba. Me zai faru idan duk mutanen duniya suka taru wuri ɗaya suka yi tsalle lokaci guda? Duniya ba za ta gusa ko da faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba. Amma bai tsaya nan ba, ya tambayi yadda biliyoyin mutanen nan za su koma gidajensu, sai ka ga ashe bala'in yana wajen watsewa, ba wajen tsallen ba.

Babin da ya fi kama ni shi ne na mutumin da ya tambaya ko zai iya iyo a tafkin da ake ajiye ragowar makamashin nukiliya. Wani marubucin da dariya zai yi ya rufe zancen. Munroe ya bayyana cewa ruwa garkuwa ne mai ƙarfi, kowace tazarar santimita 7 ta ruwa tana rage tururin nukiliyar da rabi, don haka mai iyo a sama-sama bai cikin haɗarin da ake zato, wanda ya nutsa ya taɓa sandunan da ke ƙasa shi ne zai mutu. Kafin ka gama babin ka fahimci dalilin da ya sa ake ajiye irin wannan kaya a cikin ruwa tun farko, abin da darasin aji bai taɓa zaunar mini da shi ba. Wannan shi ne sirrin littafin gaba ɗaya. Dariyar tana fitowa daga amsar, ba daga wulaƙanta mai tambaya ba. Kuma a ƙarshen littafin akwai jerin madogarar da ya yi amfani da su, duk mai shakka yana iya bin sawu.

Yana da nasa cikas. Turancinsa na buƙatar wanda ya ɗan zauna da harshen, wasu misalan kuma na wasannin Amurka ne, kamar babin ƙwallon besbol da aka jefa da kashi 90 cikin 100 na gudun haske. Rabin daɗinsa yana cikin zane-zane da ƙananan bayanan ƙasan shafi, saboda haka bugun sauraro ba zai ba ka cikakken littafin ba, a ƙaramar waya ma zanen yakan matse. Na takarda za ka nema. Kashi na biyu ya fito a 2022, yana da kyau, amma da na farkon za ka fara.

Sauran na barkwanci ba sa buƙatar dogon bayani. Does Anything Eat Wasps? na 2005, wanda aka tattaro daga shafin tambayoyin mujallar New Scientist ta Ingila, masu karatu ne ke amsa wa juna, don haka wata amsar ta yi nauyi wata ta yi shara-shara. Jerin Imponderables na David Feldman da ya fara a 1986 ya tsufa, kuma yawancin tambayoyinsa kan kayan masarufin Amurka ne.

A fannin kasuwanci ne aka fi yawan surutu. Wanda aka fi ambata shi ne A More Beautiful Question na Warren Berger, shi ma na 2014. A ciki akwai labarin Edwin Land, wanda 'yarsa mai shekara 3 ta tambaye shi a 1943 me ya sa ba za ta ga hoton da ya ɗauke ta nan take ba, tambayar da ta kai ga kyamarar Polaroid da aka fara sayarwa a 1948. Labari ne mai daɗi, kuma tsarin Berger na bin tambaya daki-daki, daga "me ya sa" zuwa "da a ce" zuwa "ta yaya", yana da amfani ga mai shirin fara sana'a. Inda nake da ja da shi, labaran waɗanda suka yi nasara ne jere da juna, ba ka jin labarin wanda ya yi irin tambayar ya karye. Questions Are the Answer na Hal Gregersen, 2018, dabara ɗaya ce mai kyau aka shimfiɗa ta a littafi guda: a tara mutane su yi minti 4 suna jefo tambayoyi kaɗai ba tare da kowa ya amsa ba. Idan shugaban ma'aikata ne kai, ƙaramin littafin Edgar Schein na 2013, Humble Inquiry, ya fi su kusa da matsalarka, domin damuwarsa ita ce yadda na ƙasa ke ganin kuskure ya yi shiru saboda na sama bai taɓa tambayarsa da niyyar saurare ba.

Amma a gaskiya shafi ɗaya na Taiichi Ohno ya fi mini yawancin waɗannan. A littafinsa kan tsarin ƙera motoci na Toyota, wanda ya fito da Japananci a 1978 aka fassara shi zuwa Turanci a 1988, ya kawo misalin inji da ya tsaya. Me ya sa? Fis ya ƙone saboda nauyi ya yi yawa. Me ya sa? Boris bai samu isasshen mai ba. Me ya sa? Famfon man ba ya turawa yadda ya kamata. Me ya sa? Sandarsa ta cinye. Me ya sa? Ba a sa matata ba, burbushin ƙarfe ya shiga. Da an tsaya a tambayar farko, fis kawai za a canza, bayan 'yan watanni injin ya sake tsayawa.

Fannin addini ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan, domin a nan amsa mara tushe ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba. Abu Dawud ya ruwaito labarin mutumin da dutse ya fasa wa kai a halin tafiya, ya tambayi abokansa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce babu, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya ce me ya hana su tambaya tunda ba su sani ba, ai maganin rashin sani tambaya ce. Adiyyu ɗan Hatim kuma ya ɗauki baƙin zare da fari ya sa a ƙarƙashin matashin kansa yana dubawa don gane ketowar alfijir, har aka bayyana masa cewa duhun dare da hasken safiya ayar azumi da ta ambaci farin zare da baƙi ke nufi. A Kitabul Ilmi na Sahihul Bukhari akwai maganar Mujahid cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi, da yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Ga mai karanta Larabci, littafin da ya tattara wannan batu da kyau shi ne Jami'u Bayanil Ilmi wa Fadlihi na Ibn Abdil Barr, malamin Andalus da ya rasu a 463 bayan Hijira. Yana da babi kan yabon tambaya da naci wajen neman ilimi, da wani kan abin da ya wajaba ga malami idan an tambaye shi abin da bai sani ba. Bai kuma manta da ɗaya gefen ba, wato tambayar ƙure da neman tsanantawa, irin wadda aya ta 101 ta Suratul Ma'ida ta yi gargaɗi a kai. Ka nemi bugun da aka yi wa tahkiki aka tantance ruwayoyinsa, domin akwai masu rauni a ciki. Akhbarul Hamƙa wal Mugaffalin na Ibnul Jauzi na dariya ne, kuma mai wautar ake yi wa dariyar, ba abin da muke nema ba ke nan. Ga mai karatu Kirista, Jesus Is the Question na Martin Copenhaver, 2014, ya ƙirga tambayoyi 307 da Yesu ya yi a cikin Linjila, ya gina tunaninsa a kansu.

Yanzu ga abin da ya sa na nace kan madogara. Na taɓa yin odar littafin Munroe a intanet daga wani mai sayarwa, hoton bangon ya yi kama da na gaskiya, sunan ma haka. Abin da ya iso wani siririn ɗan littafi ne, babu zane ko ɗaya, babu lissafi, wani ne ya taƙaita babi-babi cikin gurguwar Turanci. Abin ya yi mini ciwo, kuma wannan sana'a ta yaɗu ƙwarai. Da zarar littafi ya yi kasuwa sai ka ga an fito da wasu masu ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta "Summary" ko "Workbook" ko "Analysis". Ka duba sunan marubucin harafi-harafi, ka duba kamfanin ɗab'i, ka gwada lambar shaidar littafi, wato ISBN mai alƙaluma 13, da wadda ke shafin kamfanin da kansa. Yawan shafuka ma yana tona asiri, What If? na gaskiya ya kai shafi 300. Akwai kuma bugun sata, wanda ake gane shi da siririyar takarda, zane mai dishi-dishi, da shafukan da ke ɓallewa tun karatun farko, wani lokacin ma an yanke bayanan ƙasan shafi.

Mafi muni su ne waɗanda aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira cikin 'yan awoyi, masu suna irin "tambayoyi dubu da amsoshinsu". Marubucin ba shi da tarihi a ko'ina, yabon masu saye duk kalmominsa iri ɗaya ne kuma cikin kwanaki kaɗan aka zuba su, amsoshin suna da santsi amma babu inda suka dogara. Kafin ka biya, buɗe samfurin shafukan da ake nunawa kyauta, ka zaɓi tambaya ɗaya da ka riga ka san amsarta ka gwada shi da ita. A na kasuwanci, ka yi hattara da maganganun da ake jingina wa manyan mutane. Wadda aka fi yawo da ita ita ce wai Einstein ya ce da za a ba shi awa ɗaya ya warware matsala, zai ɓatar da minti 55 wajen neman tambayar da ta dace. Ba a samu wannan a rubuce-rubucensa ba. Littafin da ya kawo ta a matsayin tabbas ba tare da wata togaciya ba, ka san yadda sauran abin da ke cikinsa zai kasance.

A na addini kuwa, duk ɗan littafin tambaya da amsa da ya ce "ya zo a hadisi" bai faɗi wanda ya ruwaito ba, ko ya ce "malamai sun ce" bai ambaci ko ɗaya ba, ka mayar da shi kan kanta. Haka wanda babu sunan marubuci a bangonsa, ko aka manna sunan sanannen malami alhali babu kamfanin ɗab'i babu shekarar bugu. Idan littafin ya riga ya shigo hannunka, ka kai shi wurin malamin da ka amince da iliminsa ya duba maka kafin ka yi aiki da fatawa ko ɗaya daga ciki, balle ka miƙa wa yara.